Ƙanena ya raɗa wa ɗansa sunan ƙiyayya: hukuma za ta iya karɓe yaron?

Tambaya: Barista, an yi wa ƙanena haihuwar ɗa namiji, ya dage sai da ya sa masa sunan wani shugaba da duniya ta sani da kisan ƙare dangi. Da gangan ya yi. Ya daɗe yana furta ƙiyayya ga mutanen da aka yi wa wannan kisa, alhali matarsa tana da dangi a cikinsu. Ba ta son sunan, amma ta ja bakinta ta yi shiru. Ni ce babba a gidanmu, kuma wasu na ba ni shawarar in kai ƙara domin hukuma ta karɓe yaron. Doka ta yarda da haka?

Amsa: Malama, suna shi kaɗai, komai muninsa, da wuya ya isa hujjar raba ɗa da iyayensa. Masu ba ki shawara sun haɗa magana biyu da doka ta raba: gyaran suna daban, karɓe yaro daban, kuma nauyin hujjar da kowannensu ke bukata ba ɗaya ba ne.

Zaɓen suna haƙƙin iyaye ne, amma yaron shi ma yana da haƙƙi a ciki, tunda shi zai amsa sunan har tsufansa. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 7, ta ce a yi wa kowane yaro rajista da zarar an haife shi, a kuma ba shi suna. Ba ta faɗi wane iri ba, shi ya sa kowace ƙasa ta bi hanyarta. A Jamus, jami'in rajistar haihuwa yana da ikon ƙin rubuta sunan da zai cutar da yaro. A Faransa, tun 1993 iyaye ke da 'yancin zaɓe, amma idan jami'in ya ga sunan ya saɓa wa maslahar yaro, sai ya sanar da mai gabatar da ƙara, alƙali ya yanke hukunci. Ta haka ne kotun garin Valenciennes ta hana a kira wata yarinya Nutella, wato sunan wani cakulan da ake shafa wa burodi, ta mayar da sunan Ella. A Amurka kuwa, yawancin jihohi ba ruwansu da ma'anar suna. Abin da suke dubawa shi ne tsayinsa, ko an saka lamba ko wata alama a ciki.

Shari'ar da ta fi kama da taku a Amurkar ta faru, kuma mutane na yawan ba da labarinta a karkace. A ƙarshen 2008 wani kanti a jihar New Jersey ya ƙi rubuta sunan wani yaro ɗan shekara uku a kan kek ɗin zagayowar ranar haihuwarsa, saboda iyayen sun sa masa sunan Hitler. Jaridu suka ɗauka. A watan Janairun 2009 hukumar kula da yara ta karɓe shi da ƙannensa mata biyu. Nan aka yi ta cewa saboda suna aka karɓe su. Amma da kotun ɗaukaka ƙara ta yi hukunci a 2010, a kan tashin hankali da duka a cikin gidan ta dogara, da haɗarin da yaran ke ciki. Sunan ya jawo ido kan gidan, abin da aka gano a ciki shi ya ɗauke yaran.

Dalilin tsaurin nan a fili yake. Sashe na 9 na waccan yarjejeniya ya ce ba za a raba yaro da iyayensa ba sai hukumar da ke da hurumi ta tabbatar rabuwar ta zama dole don maslaharsa, kuma kotu na iya sake duba matakin. Dokar yara ta Ingila ta 1989 ta ce sai an nuna yaron yana cikin babbar cutarwa ko tana shirin samunsa. Kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Santosky ta 1982, ta ce ba a soke haƙƙin iyaye baki ɗaya sai da hujja bayyananniya mai gamsarwa. Ni ina ganin daidai ne, ko da yake na san abin zai yi miki ɗaci. Ranar da aka ba gwamnati damar kwashe yara saboda ra'ayin iyayensu, ba a kan masu ƙiyayya kaɗai za ta tsaya ba. A 2013 wata alƙaliya a jihar Tennessee ta canza wa wani jariri suna daga Messiah, wato Almasihu, zuwa Martin saboda aƙidarta ta addini. Kotun gaba ta soke hukuncin, ita kuma ta rasa kujerarta. Kuma kada ki ɗauka gidan riƙo aljanna ne: jaririn da aka cire daga ƙirjin uwarsa ya yi asarar da ta fi ta mummunan suna.

Kotu tana da ƙaramin makami da ya dace da matsalar. A New Zealand a 2008, wani alƙali ya sa wata yarinya 'yar shekara tara ƙarƙashin kulawar kotu na ɗan lokaci don a canza mata sunan da take jin kunyar faɗa wa ƙawayenta. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila da Wales ta hana wata uwa sa wa 'yarta Cyanide, wato sunan guba, amma ta jaddada cewa sai abu ya kai maƙura ake irin wannan shiga tsakani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma ba sunan ba ne. Kin ce matar tana da dangi cikin mutanen da mijin ya tsana, kin ce ba ta so amma ta yi shiru. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya zaɓi sunan da matarsa za ta riƙa kira safe da yamma yana ƙona mata rai, ya kamata a tambayi me kuma yake yi mata. Shirun nan na haƙuri ne ko na tsoro? Ki keɓe da ita, ba a gabansa ba, ki tambaye ta kai tsaye ko yana dukanta, ko yana yi mata barazana, ko yana hana ta ganin 'yan'uwanta. Amsarta ce za ta nuna miki ƙofar da za ki bi.

Idan babu cutarwa, maganar ta suna ce kawai, kuma uwar ce ke riƙe da mabuɗi, ba ke ba. A dokokin ƙasashe da yawa uwa da uba suna da iko daidai a kan ɗansu, kuma idan suka saɓa a kan suna, kowannensu na iya neman kotun iyali ta raba gardama. Goggo ko kaka galibi sai ta fara neman izinin kotu kafin a saurare ta. Ku fara binciko ko an riga an yi rajista. Idan ba a yi ba, uwar ta sanar da ofishin rajista a rubuce cewa ba ta amince ba. Idan an yi, ku tambayi wa'adin gyara: a Ingila, misali, ana iya canza sunan yanka a takardar haihuwa cikin wata 12 da yin rajista. Kada ku yi jinkiri, domin kotu ta fi saurin yarda da canji tun yaro bai san sunansa ba. Sulhu ma hanya ce: a sa masa suna na biyu mai kyau a takarda, a riƙa kiransa da shi, in ya girma ya yar da na farkon da kansa.

Idan kuwa akwai duka, ko barazana, ko ana barin jariri ba kulawa, kada ki jira kowa. Kowane mutum na iya kai rahoto ga hukumar kare yara ko 'yan sanda. Ki faɗi abin da kika gani da idonki, da rana da lokaci, ki ajiye saƙonnin waya, kada ki ƙara gishiri, don rahoton ƙarya na iya juyowa kanki. Ki sani kuma rahoto ba lallai ya kai ga karɓe yaro ba. Sau da yawa kotu kan umarci mai cutarwar ya nisanci gidan, a bar jariri wajen uwarsa. In ma ta kai ga cire shi, hukumomi da dama kan fara neman ɗan'uwa na jini da zai riƙe, don haka ki faɗa musu tun farko idan a shirye kike.

Abu ɗaya da zan gargaɗe ki a kai: kada ki ɗauke yaron da kanki, ko da na kwana ɗaya ne, ba da yardar iyayensa ko umarnin kotu ba. Doka na iya ɗaukar hakan a matsayin satar yaro. Ki raka uwar wajen lauyan harkar iyali a inda kuke zaune, ku tafi da takardar asibiti ta haihuwa da ta rajista idan an riga an karɓa.