Amsa: Me ya sa dodannin finafinan yanzu ba su da ban tsoro?

Malam, ka tambaya me ya sa dodannin finafinan yanzu suka daina ba da tsoro, har ana tausaya musu. A ganina abin da mutane ke tsoro ne ya canza. Dodon tatsuniyar da kakanni ke ba mu da dare a nan Sakkwato yana daji ne ko bakin ruwa, yana jiran yarinyar da ta ƙi jin magana. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ma haka, ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, Bayajida ya sare shi, shi ke nan.

Amma dubi Godzilla, ƙaton dodon fim da Japanawa suka fito da shi a 1954, shekara 9 bayan bam ɗin Hiroshima. Gwajin makamin nukiliya ne ya tashe shi, wato ɗan Adam ne ya jawo wa kansa.

Mafaraucin dodon ma ya canza. Van Helsing, mai farautar dodo mai shan jini a littafin Dracula na 1897, dattijon likita ne, makaminsa ilimi da tafarnuwa. Na yanzu kuwa, musamman a wasannin kwamfuta, ɗan kwangila ne, sai an yi ciniki kafin ya zare takobi, wani lokacin ma ya ƙyale dodon idan ya gane masu hayarsa ne azzaluman. Yaran unguwarmu irinsa suka fi so.