Ɗana ba ya shiga cikin yara, an ce shafar aljanu ce

Tambaya: Likita, ɗana ya cika shekara 3. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya shiga cikin yara, sai ya wuni yana jera murafen kwalba. Da ya ji ƙarar injin niƙa sai ya toshe kunne yana ihu. Surukata ta ce shafar aljanu ce, a kai shi wurin mai magani. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Sannu Malama, Allah ya raya shi. Sai na gan shi zan iya yanke magana, amma abin da kika zayyana ya isa a duba shi kan otizim, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane. Yaro kan amsa sunansa kafin ya shekara. Wajen wata 18 zai nuna miki abu da yatsa, ya dubi fuskarki ya ga ko kin gani. Wannan na fi bincika, ba haɗa ido da mutane ba, tunda sunkuyar da kai gaban manya a wurinmu tarbiyya ce. Mai kunya kuwa yakan saki jiki a ɗakin uwarsa.

A fara da gwajin ji, domin sanƙarau, ƙyanda da ciwon kunne suna kurmantar da yara.

Maganar aljanu ce ke ƙona min rai. Ana kawo min yara masu shekara 6 ko 7 da aka gama yawo da su gidajen masu magani, da tabon tsaga a jiki, da tarin da hayaƙi ya bar musu. Ki duba fa, yaron da ƙarar inji ke firgitawa shi za a danne, a yi ta daka masa tsawa a kunne, har da bulala. In ya ƙwala ihu don azaba, sai a ce ga aljanin nan ya fara magana, a ƙaro kuɗi! Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuma suna iya taɓa hanta da ƙoda. Otizim daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu yake, kuma gado na da hannu sosai a ciki. Shekarun da ake ɓatawa a yawon nan su ne waɗanda koyar da magana da cuɗanya ya fi kamawa. Ki yi masa addu'a dare da rana, ba mai hana ki, amma amana ce a hannunki, kada ki miƙa shi ga mai duka.

Ki ɗauki bidiyonsa a waya yana wasa, ki kai shi sashen yara na asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Ki lallashi surukarki ku je tare, ta ji bayanin da kunnenta.