Amsa ga Malam: yadda mutanenmu a nan suke koyon tsara aiki da manhaja

Malam, ka tambayi yadda 'yan'uwanmu da suka daɗe a Ingila suke koyon tsara manyan ayyuka da kwamfuta, da kuma manhajar da ya kamata ka fara da ita. Ita manhajar ba ta da wuyar zaɓe. Masu ayyukan ofis da matsakaitan kwangiloli sun fi riƙe Microsoft Project, manyan kamfanonin gini da na mai kuma Primavera P6 ta kamfanin Oracle. Mai koyo ya sauke ProjectLibre, kyauta ce, kuma fasalinta ya yi kama da na Microsoft Project sosai.

Sai dai a tsakaninmu, wanda ya ƙware ba ya barin sabon shiga ya taɓa kwamfuta a zaman farko. Takarda da biro ake miƙa masa, a ce ya farfasa aikin gida-gida, har kowane yanki ya zama abin da za a iya ba mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, a kuma gane ranar da ya ƙare. Da yawa suna bin ƙa'idar cewa yanki kada ya gaza awa 8, kada ya wuce awa 80. Sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: me ya zama dole a gama kafin a fara wannan?

Ga ƙaramin misali na gini. Haƙa fandisho kwana 5, zuba kankare kwana 2, jiran ya yi ƙarfi kwana 7, ɗora bulo kwana 10, kafa ƙofofi da tagogi kwana 3. Jimla kwana 27. Odar ƙofofin kuwa kwana 15 take ɗauka kafin ta iso, kuma ana iya bayar da ita tun ranar farko. Tunda ba a bukatarsu sai bayan kwana 24, odar tana da rarar kwana 9. Waccan doguwar sarƙar ta kwana 27 ba ta da rara ko ta yini ɗaya: birkila ya makara kwana biyu, aikin gaba ɗaya ya makara kwana biyu. Gano wannan sarƙa shi ne babban aikin da manhajar take yi maka. Kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka ne suka ɓullo da dabarar a 1957, kuma har yau lissafin bai sauya ba.

Idan an zo kan kwamfuta, kalanda ake fara gyarawa. Microsoft Project tana zuwa da Litinin zuwa Juma'a, awa 8 a rana, awa 40 a mako. Idan ma'aikatanka suna fita ranar Asabar, ko aikin yana ƙasar da ake hutu Juma'a da Asabar kamar Saudiyya, sai ka faɗa mata, ka kuma saka ranakun hutun gwamnati. Na biyu, tun daga fitowar 2010 manhajar tana ɗaukar kowane sabon aiki a matsayin wanda kai za ka sa masa rana da hannu. Ka juya wannan saitin ya koma ita ke lissafawa, tun kafin ka shigar da layin farko.

Kuskuren da muka fi gani, kuma mafi ɓarna, shi ne mutum ya riƙa buga ranar farawa da hannunsa. Da zarar ka yi haka, manhajar ta ɗaure aikin da sharaɗin kada ya fara kafin wannan rana. Jadawalin zai yi kyau a ido, amma idan aikin baya ya ƙare da wuri, na gaba ba zai matso ba. Tsawon kwanaki da alaƙar da ke tsakanin ayyuka kaɗai ake shigarwa. Alaƙar iri huɗu ce, amma wadda ake rubutawa FS, wato sai wannan ya ƙare wancan ya fara, ita ce ke ɗauke da yawancin aiki. A lura da jiran kankare: shi bai san hutun ƙarshen mako ba. In ka rubuta 2FS+7d a layin ɗora bulo, wato kwana 7 bayan an gama aiki na 2 (zuba kankare), manhajar za ta ƙirga ranakun aiki kawai, jiran ya kai aƙalla kwana 9. Rubuta 2FS+7ed, ta ƙirga har da Asabar da Lahadi.

Wajen kintacen kwanaki, kada ka karɓi lamba ɗaya daga bakin mai aiki. Nemi uku: in komai ya tafi daidai, yadda aka saba, da in abubuwa sun dagule. Ka ninka ta tsakiya sau 4, ka haɗa da sauran biyun, ka raba da 6. Kwana 4, 6 da 14 za su ba ka kwana 7. Rundunar sojan ruwan Amurka ta fara amfani da wannan lissafi a 1958.

Bayan ka raba ma'aikata, duba ko an ɗora wa kafinta ɗaya aikin awa 16 a rana ɗaya. Manhajar tana iya daidaita nauyin da kanta, amma mu mun fi so a yi da hannu, domin takan tura aiki gaba da makonni ba tare da ta san wanne ya fi muhimmanci wajen mai kwangila ba.

Ranar da aka amince da jadawali, adana kwafinsa na asali a cikin manhajar kafin a taɓa komai, don da shi za a riƙa auna jinkiri. Daga nan kowane mako, rana ɗaya tsayayya, a shigar da ainihin ranar da aiki ya fara da kwanakin da suka rage masa. Kada ka tambayi "kashi nawa ka yi?", domin amsar takan maƙale a kashi 90 na tsawon lokaci. Tambayi "saura kwana nawa?"

Batun takardar shaida kuma, a Ingila an fi neman PRINCE2, a Amurka da ƙasashen Larabawa PMP, wadda ke bukatar awa 35 na horo da shekarun jagorantar aiki. Wanda bai tara shekarun ba ya fara da CAPM, ita awa 23 na horo take nema.