Abin da ya mayar da Lowell birnin masaƙu

In ana tambayar dalilin da ya sa ƙauyukan arewa maso gabashin Amurka suka zama birane cikin 'yan shekaru, garin Lowell ya isa misali. Yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya ya katse shigowar yadin Ingila, sai attajiran Boston suka zuba jari a masaƙu, kogin Merrimack kuma ya fara juya injunan Lowell a 1823. Audugar kuwa, wadda ake yawan mantawa da asalinta, bayi ne suka noma ta a jihohin kudancin ƙasar. 'Yan matan karkara ne ke aiki a masaƙun, ƙararrawa na tayar da su tun asuba, suna kwana a gidajen kamfani, har rage albashi ya kai su ga yajin aiki a 1834. Daga baya baƙi daga Ayaland, waɗanda yunwa ta koro, suka maye gurbinsu.