Zanen ganyaye na dā a bangon falo

Hajiya, kin tambayi inda za ki samu tsofaffin zanen ganyayen magani ki rataya a falo. Ba sai kin saya ba. Shafin intanet na Biodiversity Heritage Library yana ba da su kyauta, har da na littafin Köhler na 1887, wani littafin Jamusanci kan tsirran magani, mai zanen citta da tsamiya. Ni na cittar ya fi burge ni, har saiwarta an zana.

Ki sauke babban hoto, ƙarami yakan dushe wajen bugawa. A buga miki a takarda mai kauri marar sheƙi. Ki ce wa mai firam kada gilashi ya taɓa takardar, danshin daminar Kaduna zai manna su. Ya kuma rufe bayan ruf saboda ƙurar hunturu. Bangon da rana ke bugawa kuwa, launi zai koɗe.

In na asali ne kika gada, kada ki yarda a lamineta shi, ki fara neman shawarar masu adana takardu a Arewa House.