Amsar Anti ga amaryar da ke tsoron kunna gas

(Na rubuto saƙon muryar da Anti ta tura ne saboda waɗanda ba ta buɗe masu ba.)

Assalamu alaikum, 'yan uwa barkanmu da yamma. Amarya, ɗiyata, na saurari saƙonki. Kin ce an sa maki tukunyar gas mai kilo 12.5 da murhu mai kai biyu cikin kayan ɗaki, yau sati uku da tarewarki a Ƙofar Ƙaura amma ko taɓa su ba ki yi ba, kullum sai hura gawayi, don da kin kalli tukunyar gabanki ke faɗuwa. To ki ba ni kunnenki.

Wutar da kike gani a kan murhu ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne gas ɗin da ya fito bai samu wuta ba, ya taru cikin ɗaki. Shi gas asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba mashi wani sinadari mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya kama shi. Kuma ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi kamar hayaƙi ba, ƙasa yake bi ya kwanta. Shi ya sa buɗe ƙofa ya fi buɗe 'yar tagar sama amfani.

Kafin ki taɓa ashana, sai kin gwada haɗin. Ki leƙa bakin tukunyar, akwai wata 'yar baƙar roba zagayayya a ciki. Sau da yawa yoyo daga nan yake, ko ta tsage ko ta faɗi wajen ɗuri. In tana nan lafiya, ki ɗora rigileta, wato kan nan da ake maƙala wa bakin tukunyar mai daidaita fitar gas, ki danna har ki ji ta ce ƙas, ki ɗan ja ta sama ki ga ba ta fita. Tiyon da ke kai gas daga rigileta zuwa murhu kuma, kowane baki nasa a ɗaure shi da zoben ƙarfe mai kusa, ba da robar ɗaure kaya ko tsumma ba, don Allah. Kuma tiyon gas na musamman ne, mai kauri. Na ban ruwa ba ya yi.

Sai ki kaɗa omo cikin ruwa rabin kofi har ya yi kumfa. Makunnan murhu duka a rufe, ki buɗe rigileta, ki shafa kumfar da soso a wuyan tukunya, da gindin rigileta, da bakin tiyo biyun nan. Ki tsaya ki zuba ido kamar minti ɗaya. In kumfar ta kwanta shiru, haɗinki lafiya. In kin ga tana kumbura tana tasowa ƙwaya-ƙwaya kamar ana hura ta, akwai yoyo a daidai nan: ki rufe, ki kira mai gyara. Kada wani ya ce maki a gwada da ashana. Duk wanda ya faɗi haka, ko wane ne, ki ce a'a.

To yanzu kunnawa. A nan ne mafi yawa suke firgita, kuma jeri ne kawai suke juyawa. Wuta ce ke jiran gas, ba gas ke jiran wuta ba. Ki ƙyasta ashana tukuna, ki kai ta gefen kan murhu, sannan da ɗayan hannun ki danna makunni ki murɗa shi hagu a hankali. Wannan “buf” ɗin da ke sa mutum ja da baya, gas ne aka bari ya fito ana neman ashana, ya taru ya kama gaba ɗaya. In ƙaramar ashana na ƙona maki yatsa, ki sayi doguwar laita ta kicin. In kuma murhunki mai kunna kansa ne, murɗawar kawai za ki yi ki ji ƙyas.

Ranar farko ba lalle ya kama nan take ba, saboda iska ce cike da tiyon. Ki ƙirga biyar, in bai kama ba ki rufe, ki dakata warin ya wuce, ki sake. Ki tattare mayafinki da hannun riga, hijabin leda kuwa ki cire shi gaba ɗaya, don narkewa yake ya manne a fata.

Ki dubi launin wutar. Shuɗiya mai tsayuwa daidai ita ake so. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe ko iska ba ta isa. In murhun ya huce ki cire kan, ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki zura allura a ramukan, ki bari ya bushe sarai.

Girkin farko ki dafa ruwan shayi kawai. Gas ba gawayi ba ne, da zafinsa yake zuwa, albasar da kika saba bari ki je ki dawo za ki tarar ta ƙone. Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne kunu, da madara, da wake, da ruwan tuwo in an zuba rude. Suna tafasowa su zubo su kashe wutar, gas kuwa yana ci gaba da fita. Haka iskar hunturu in murhu na saitin taga. Don haka ba a ɗora irin waɗannan a tafi ɗaki ko a shiga waya. Wajen tuƙa tuwo ki rage wuta, ki riƙe kunnen tukunya da tsumma. Masu 'yar tukunyar gas ta kilo 6 mai murhu a kai, ku sauke tukunyar tuwon ƙasa ku tuƙa, don kifewa take.

In kin gama, ki fara rufe rigileta, wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan ki rufe makunni. Kullum haka, musamman kafin barci.

In kuma wata rana kin shigo kin ji wari: kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada ki sa fanka, kada ki haska da ashana. Ki rufe rigileta, ki wangale ƙofa da taga, ki fitar da yara, waya ma sai kin fita waje. In mai ne ya kama wuta a kasko, ki kashe gas ki kifa murfi, ruwa kam haramun, watsa wutar yake.

Tukunyar gas ɗin a tsaye take zama, a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da murhun gawayi da janareta. Ki gaya wa maigida in ya kai ɗuri a ɗora a sikeli, kilo 12.5 ɗin nan na gas, ban da nauyin tukunyar, kada a ƙara ko kaɗan. Ana barin fili a sama ne don gas na kumbura da zafi, kin kuwa san bazarar Katsina, har ta haura digiri 40. Tiyon ki riƙa lanƙwasa shi kina dubawa, da kin ga tsaga ko ya bushe ya yi tauri a canza shi.

Gobe da hantsi, ido na ganin ido, ki kira wata maƙwabciya da ta saba ta tsaya kusa da ke, amma ke za ki kunna da hannunki. Ki yi bismillah ki fara da gwajin kumfar, in kin ga wani abin da ba ki gane ba ki ɗauko hoto ki turo nan.