An Tashe Ni Daga Kujerata A Jirgin Sama Don Kawai Ni Namiji Ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Turai, ina da mata da 'ya'ya uku a gida. Kwanan baya na hau jirgin sama, kujerata ta faɗo kusa da wani yaro da bai wuce shekara takwas ba, an rataya masa 'yar jaka a wuya mai ɗauke da takardunsa, alamar shi kaɗai yake tafiya. Na ga yana ta kokawa da bel ɗin kujera, sai na nuna masa yadda ake ɗaurawa. Ko gama zama ban yi ba sai ga ma'aikaciyar jirgi, ta ce in tashi mu yi musaya da wata mata da ke baya. Na tambayi dalili, ta ce dokar kamfani ce, namiji ba ya zama kusa da yaron da ba shi da ɗan rakiya. Da ƙarfi ta faɗa, kowa ya juyo yana kallona. Na tashi, amma har muka sauka ban iya ɗaga kai ba. Kujerar kuwa sai da na ƙara kuɗi na zaɓe ta. Shin wannan doka ta halatta a shari'a? Da na ƙi tashi, da na yi laifi? Kuma ya halatta in kai ƙara in nemi diyya?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya ba ka ladan haƙuri. Abin da aka yi maka akwai ciwo, kuma jin ciwon nan shaida ne cewa ka san darajar mutuncinka.

Ba a kanka aka fara ba. A 2005 kamfanonin Qantas da Air New Zealand sun amsa da bakinsu cewa suna da irin wannan doka. A 2006 Boris Johnson, wanda daga baya ya zama Firaministan Birtaniya, ya rubuta yadda aka nemi raba shi da wasu yara a jirgin British Airways, alhali 'ya'yan cikinsa ne. A 2010 wani ɗan kasuwa mazaunin Luxembourg ya maka kamfanin a kotu. Shi laifinsa kawai ya bar wa matarsa mai juna biyu kujerar taga, ya koma ta tsakiya, sai ya faɗo kusa da yaro. Kamfanin ya biya shi diyyar fam 750 da kuɗin shari'a, shi kuma ya ba da kuɗin ga ƙungiyoyin kare yara, kuma a shekarar kamfanin ya sauya tsarinsa, ya koma ware wa irin waɗannan yara wuri na musamman kusa da ma'aikata. Ka riƙe wannan na ƙarshen, domin za mu dawo kansa.

Mu fara da haƙƙin yaro, don shi ne mai rauni. Yaron da iyayensa suka miƙa a filin jirgi amana ne a wuyan kamfani har sai ya damƙa shi ga wanda zai tarbe shi. Annabi (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Tsoron da kamfanonin ke yi ma ba tatsuniya ba ne. A 2016 a Amurka an kama wani mutum da ya taɓa yarinya 'yar shekara 13 da ke tafiya ita kaɗai daga Dallas zuwa Portland. Kuma gaskiya ce, ko da ta yi mana ɗaci, cewa akasarin waɗanda ake kamawa da lalata yara maza ne. Duk mai 'ya'ya ya san yadda zuciya ke bugawa idan yaro ya yi nisa da ido. Saboda haka ba na cewa kamfani ya bar rigakafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin rigakafin. Mu Malikawa mun fi kowa riƙo da ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna, don haka wani zai ɗauka cewa dokar ta yi daidai da mazhabarmu. Amma Imam Ƙarafi ya kasa waɗannan kafofi gida uku. Akwai wadda malamai suka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar jama'a. Akwai wadda suka saɓa a kanta. Akwai kuma wadda suka haɗu a kan cewa ba a toshe ta, ya ba da misali da hana noman inabi don tsoron a yi giya da shi, da hana mutane maƙwabtakar gidaje don tsoron zina. Dubi misalin nan na biyu da kyau. Ana samun zina tsakanin maƙwabta, ba wanda ya musa. Duk da haka ba malamin da ya ce a raba gidaje, domin maƙwabtan da ke zaune lafiya sun fi masu ɓarna yawa nesa ba kusa ba, kuma hanin zai cuci dubbai don laifin ɗaiɗaiku. Zaman namiji kusa da yaro a cikin jirgi cike da jama'a, ga ma'aikata suna kai da kawo, da wannan kashi ya fi kama. Wannan ba khalwa ba ce ma balle a yi maganar keɓewa.

Asali a shari'a kowane mutum kuɓutacce ne daga zargi har sai an sami hujja ko alama a kansa shi kansa. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, ku nisanci da yawa daga zato, lalle sashen zato zunubi ne. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce ku kiyayi zato, domin zato shi ne mafi ƙaryar zance. Alƙur'ani kuma ya maimaita cewa wata rai ba ta ɗaukar nauyin laifin wata. Yi wa maza kuɗin goro, da mai furfura da likita da malamin makaranta da uban 'ya'ya irinka, ɗora wa mutum laifin da wani ya yi ne. Ita kanta matsalar Amurkan nan, idon ma'aikaciyar jirgi ne ya gano ta, kuma mutumin ya nuna alama tun farko, domin akwai kujeru ba kowa, aka ba shi damar komawa ya ƙi. Irin wannan ake kira ƙarina, kuma a kanta ake gina mataki.

Wani abin da ke damuna da dokar shi ne tana sa a saki jiki a inda bai kamata ba. Masu bincike kan cin zarafin yara sun daɗe suna faɗa cewa galibi wanda yaro ya sani ne ke cutar da shi, ɗan gida ko maƙwabci ko wanda aka amince wa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Sannan yaron da ya ga an tashi mutumin da ya taimaka masa da bel, me aka koya masa? Ummu Sulaim ta kawo ɗanta Anas yana ɗan shekara goma ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma. Ibn Abbas yana yaro Annabi (SAW) ya goya shi a bayan abin hawa, a nan ya ji wasiyyar nan ta "ya kai yaro, zan sanar da kai wasu kalmomi". Al'ummar da ta mai da kowane babba abin tsoro ga yaro ta yanke igiyar tarbiyya da hannunta.

A nan sai an bambance. Idan yarinya ce da ta fara tasawa, zaunar da ita kusa da mace shi ya fi, kuma uba yana da damar ya nemi haka tun wurin sayen tikiti. Haka yaro ɗan shekara goma sha huɗu, kusa da namiji ya fi dacewa da shi a kan kusa da matar da ba muharramarsa ba. Wannan ladabi ne na kunya da ya hau kan maza da mata baki ɗaya, kamar umarnin raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. Ba wanda ake tuhuma a ciki. Dokar da ka ci karo da ita kuwa ɓangare ɗaya ta ware ta shafa wa baƙin fenti.

Hukuncin da na rinjayar ke nan: kamfani yana da damar tsara kujerun jirginsa, kuma kare yaron wajibi ne a kansa, amma tashin fasinja a gaban jama'a don jinsinsa kawai, ba tare da wata alama daga gare shi ba, cin mutunci ne da bai halatta ba, musamman da yake akwai hanyar da ba ta cutar da kowa. Kamfani ya san da zuwan yaron tun kafin ranar tafiya, har kuɗi na musamman yake karɓa don kula da shi. Me zai hana ya ware masa kujera kusa da ma'aikata, kamar yadda British Airways ya koma yi, ko ya bar ta gefensa ba kowa? Ƙa'ida ita ce ba cuta ba cutarwa, kuma ba a gusar da cuta da wata cutar idan akwai mafita. Ibn Umar ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a tashi mutum daga mazauninsa wani ya zauna, sai dai a buɗa wa juna.

Tashin da ka yi kuwa shi ne daidai, kuma da ni ne a wurin haka zan yi. Jirgi a sama ba wurin jayayya ba ne. Matuƙi shi ne shugaban tafiya, Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba shi ikon tsare wanda ya kawo hargitsi, kuma sharuɗɗan tikitin da ka amince da su sun haɗa da bin umarnin ma'aikata. Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Da ka ƙi, da ka jinkirta matafiya, ka firgita yaron, ka kuma ba masu zato abin faɗa. Ka tuna daren da Nana Safiyya ta ziyarci Annabi (SAW) yana i'itikafi, ya fito raka ta, wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri, ya ce musu ku yi sannu, Safiyya ce 'yar Huyayyu. Mafi tsarkin halitta ya kore wa kansa zargi cikin natsuwa. Ita ma ma'aikaciyar kada ka riƙe ta da yawa a zuci. Umarni aka ba ta, kuskurenta shi ne ɗaga murya a inda raɗa ta isa.

Kai ƙara halal ne. Allah ya ce a Suratush Shura, aya ta 41, wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Kuɗin da ka ƙara don zaɓen kujera haƙƙinka ne tsantsa, domin ka biya amfanin da ba a ba ka ba. Diyyar ɓata suna da ƙuncin zuciya kuwa malaman zamani sun saɓa a kanta. Wasu sun hana, suna ganin mutunci ba haja ba ne da za a yi masa farashi, wasu sun halatta idan alƙali ne ya yanke a matsayin ladabtarwa. Na fi karkata ga halaccin, in kuma zuciyarka ba ta kwanta ba ka karɓa ka ba marayu.

Ka fara da rubuta wa kamfanin takarda. Ka sa ranar tafiya da lambar jirgi da ta kujera, ka faɗi abin da aka ce maka ba ƙari ba ragi, ka nemi a mayar maka da kuɗinka, a ba ka haƙuri a rubuce, a kuma gyara tsarin zaunar da yaran. In sun yi biris, yawancin ƙasashen Turai suna da hukumar sauraron ƙorafin wariya, kuma irinta a Norway ta taɓa yanke cewa Air France ya nuna wariya ga wani fasinja da aka tasa daga kusa da yara a jirgin Oslo zuwa Paris a 2022. Kada ka yaɗa hoton ma'aikaciyar ko na yaron a intanet, domin su ma suna da mutuncin da shari'a ta kare.

Wallahu a'alam.